Shokazobar Bayan Motata

Ina da mota mai gudu a shekarun da nake ji da kaina. Ba ta haya ba ce, ta wasa ce. Duk bikin da aka yi a Batsari, in an ɗauko amarya, ni ake jira in shiga fili in juya ta, ƙura ta tashi, samari su yi ta ihu. Don wannan wasan na sa wani abokina bakanike ya yanke mata sifirin, ƙarafan nan masu lotsawa da ke ɗauke da nauyinta, ta kwanta ƙasa, ya sa mata shokazoba masu tauri. Shokazoba ita ce ke shanye girgizar hanya, da mai a cikinta. In man ya tsiyaye, duk ramin da taya ta faɗa sai na cikin mota ya ji shi a ƙashinsa.

Ta baya ta hagu ta daɗe tana yoyo. Na sani. Ina ganin man ya jiƙe ta, ƙasa ta manne a kai ta yi baƙi. Abokina ya yi mini magana, na ce sai an kwana biyu, na je na sayi salansa mai ƙara. Ban ɓoye wa kaina komai ba, na dai fi son a ji zuwana daga nesa.

Da kaka, mahaifina ya zame daga kan rumbu a ƙauyenmu Karare yana jera dammunan gero, ya karye a cinya. Mai ɗorin da gidanmu suka yarda da shi yana wani ƙauye ta wajen Safana. Motata ce kaɗai a kusa. Muka kwantar da shi a kujerar baya, ƙafar da ta karye tana daidai kan tayar hagu, yayana yana riƙe da kafaɗunsa.

Hanyar burji ce, damina ta cinye ta. Kowane rami sai bayan motar ya buga, ya tashi, ya sake bugawa. Baba bai yi ihu ba ko sau ɗaya. Salati yake yi, sai in ji salatin ya yanke a tsakiya, sannan ya ɗauko shi daga farko. Har yau in na ji ana salati a hankali, wannan yankewar nake jira.

Mai ɗori ya shafa cinyar. Sannan ya ɗago ya tambayi yayana a me aka kawo shi. Aka nuna masa. Ya ce bakin ƙashin ya gogi juna a hanya, tafiyar ta yi ɓarnar da faɗuwar ba ta yi ba. Ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Samari, in ɗorin nan ya goce a komawa, ba ni da abin da zan sake kamawa. Ba a wannan abin za ka mai da shi ba."

Na koma Batsari, garejin abokina. Ya danna bayan motar da hannu biyu ya saki, ta yi ta rawa ita kaɗai.

"To, sarkin fili," in ji shi, "yau ka tuna hanyar gidana?"

"Baba ya karye, zan ɗauko shi daga wajen mai ɗori. Canza mani shokazobar. Yanzu."

"Irin taka mai tauri babu a garin nan, sai an aika Katsina. Kuma ko an kawo, tsoho zai ji kamar a amalanke yake. Akwai masu laushi na motar haya, da sifirin cikakku. Biyu zan sa, ba a sa ɗaya. Amma fa mota za ta tashi sama, wasa ya ƙare."

Ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Na yi jinkiri. Akwai biki ranar Asabar, an riga an ce ina zuwa. Mahaifina yana kwance a zauren wani da kara a cinya, ni kuwa ina tsaye ina tunanin yadda samari za su yi dariya in sun ga motata ta yi tsayi kamar ta ɗaukar buhuna. Har na buɗe baki na ce, "Ba za a iya mai da masu taurin ba daga baya?"

Abokina ya ajiye abin da ke hannunsa. "Kai, ka ji tsoron Allah," ya ce. Ya tura jak ƙarƙashin motar.

Ni na riƙe masa taya. Ya kwance notin sama da na ƙasa, ya zaro tsohuwar ya miƙo mini. Na danna ta da hannu ɗaya ta shige ba gardama, ba ta dawo ba. Babu ɗigon mai a cikinta. A kan wannan na ɗora karayar ubana. Ya sa sababbin, ya ɗaure, ya sauke motar, ya danna bayanta, ta nutse ta taso sau ɗaya ta tsaya.

Washegari na ɗauko Baba. Tafiyar da na saba yi kamar ƙiftawar ido, ranar har masu keke suna wuce ni. Inda rami ya yi zurfi yayana ya sauka ya nuna mini inda zan taka. Baba ya yi barci kafin mu kai rabi.

Ɗorin bai goce ba. Ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ta gajarce, kamar yadda mai ɗori ya yi tsoro tun ranar farko. Baba yana ɗingishi, gona sai dai ya zauna a gindin itace ya duba masu aiki, salla kuma a zaune yake yi da ƙafa a miƙe.

Da ya fara takawa da sanda na same shi bayan la'asar, na durƙusa na gaya masa komai, har da yoyon da na sani, har da jinkirin da na yi a gareji. Ya saurara bai katse ni ba.

"Na yafe maka," ya ce. "Faɗuwa tawa ce, Allah ya rubuta. Tashi ka kama ni, ƙafar ta yi tsami."

Na kama shi ya miƙe. Nauyinsa duk ya koma ɓangaren da nake.