Daɓen Ɗakin Inna

Ni na kai wa uwata guba har cikin ɗakinta, buhu biyu, kuma ni na biya kuɗin mota. Na fara da wannan ne don kada wani ya riga ni faɗa.

A bayan unguwarmu a Azare akwai wani tsohon sito na ma'aikatan gona. Tun ina amarya na same shi a kulle. A ciki aka tara maganin feshin fari da na jan baki, tsuntsayen nan masu cinye gero. Da aka daina zuwa ɗauka, kwanon rufin ya ɓule, durom-durom suka yi tsatsa, abin da ke cikinsu ya riƙa tsiyaya yana bin ƙasa ta bayan katanga. Ko ciyawa ba ta fitowa a wurin. Mu kuwa ba ciyawa muka duba ba. Abin da muka lura da shi, gara ba ta zuwa wurin ko kusa.

Wadda ba ta zauna a ɗakin ƙasa ba, ba ta san gara ba. Ta ci tabarma, ta ci ƙafar gado, ta ci zanen da kike ɓoyo don biki, ki ɗaga shi ki ga ya zama rariya. Ban san matar da ta fara ba, amma kafin a jima duk wadda za a yi wa daɓe sai ta aika a ɗebo mata ƙasar bayan sito a cuɗa da tsakuwa. Daɓe kuwa aikinmu ne mata. A tara maƙwabta, a baza ƙasa, a yayyafa ruwa, kowacce da madaɓinta, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi santsi, sannan a bi ta da ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa. Maza ba abin da suka sani a ciki, sai dai su leƙo da yamma su ce ɗaki ya yi kyau. Warin da ke tashi kwanakin farko, cewa muke ƙarfin ƙasar ne.

Inna tana garin Katagum, a gidan da aka haife mu. Bafulatana ce, ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a ko raƙumi ba ya jan ta. Babanmu malami ne, ya rasu ya bar littattafansa, wasu a gafaka, wasu a ɗaure da igiya, duk a kan wani ɗan benci a ƙuryar ɗakinta. Wata damina gara ta hau bencin ta cinye gefen ɗaya daga ciki. Kukan da Inna ta yi ranar, ba ta yi shi a gaban mutane ba ko ranar jana'iza. Shi ya sa na cika buhu biyu na hau mota, na tara ƙawayenta muka yi mata daɓe. Daga ranar gara ba ta sake taka ɗakin ba, Inna kuwa kowa ya zo sai ta ce masa 'yarta ta Azare ta yi mata maganin abin da ya dame ta.

Shekaru suka wuce. Na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, don na gaji da miƙa wa mutane takarda su karanta sirrina kafin ni na ji. A shekarun da wayar hannu ta fara yawa a gari, sai ga motoci a bakin sito. Aka ce gwamnati ta ba wani kamfani kwangilar binciken wurin da kwashe abin da ke ciki. 'Yan kwangilar suka kewaye shi da waya, suka sa fararen riguna har kai, da takunkumi da safar hannu, suna huda ƙasa da wani dogon ƙarfe suna zubawa a kwalabe. Suka kafa allo da hoton ƙoƙon kai.

Ina dawowa daga kasuwa na tsaya gaban allon, don lokacin ko ledar burodi na gani sai na karanta. An rubuta da Hausa cewa ƙasar wurin guba ce, kada a taɓa, kada yara su yi wasa a kai. Sau uku na karanta. Malamarmu takan ce ina da gaggawa, ina tsallake baƙi, na yi ta fatan wannan karon ma na tsallake ne. Ban tsallake ba.

Da na koma gida na tambayi maigidana, ya ce ai tuni 'yan kwangilar suka tara magidanta a ƙofar Mai Unguwa, suka tambaya ko akwai wanda ya taɓa ɗaukar wani abu daga wurin, kowa ya ce babu. Shi ma haka ya ce. Na nuna masa ƙasan da yake zaune a kai, na ce to tashi, a kan amsarka kake zaune. Ba ƙarya suka yi ba, bayin Allah. An tambayi waɗanda ba su taɓa riƙe madaɓi ba ne.

Mai Unguwa ya ce in bar kaza cikin gashinta. Tsoronsa kada a ce mun saci kayan gwamnati a kwashi mazanmu. Na durƙusa yadda ya kamata, na ce, “Ranka ya daɗe, ɗakin Hajiyarka ni na fara buga madaɓi a cikinsa, kuma a nan jikokinka ke cin tuwo.” Bai ce in je ba, bai kuma sake cewa kada in je ba.

A bakin wayar na sami wata yarinya da hular kwano a kan mayafi, ma'aikatan suna kiranta Injiniya. Babarbariya ce, iyayenta mutanen Barno, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Na zayyana mata komai. Ta cire takunkumi ta dube ni kamar za ta yi kuka, sannan ta ce takardar kwangilarsu daga wannan turke zuwa wancan ta tsaya, abin da ke wajen waya ba su da izinin taɓawa. Na ce takardarku ta tsaya a waya, ƙasar ba ta tsaya ba, a kan kawunanmu ta fita. Ta ce in har za a ƙara aikin, sai manyanta sun ga sunayen gidajen a rubuce, su ma su kai gaba. Ta tambaya ko akwai mai rubuta min. Na ce akwai, ga ta a gabanki.

Kwana uku ina bin gidaje da littafin makarantata. Ba wadda ta san shekara, amma ba wadda ta manta daɓe. Wannan ta ce na ɗakin wance ai lokacin ina da cikin auta ne, dambu aka yi mana. Waccan ta ce a'a, ɗakin kudu ba a sa ƙasar sito ba, surukarta ta ce wari. Haka muka tsefe su ɗaya bayan ɗaya. Rubutuna kamar kaza ta yi tonon tsaba, amma yana karantuwa. A can ƙasan shafi na rubuta ɗakin Inna, Katagum. Shi ya fi ba ni wuya, ba don baƙaƙensa ba.

Injiniya da kanta ta riƙa shiga tana kankarar daɓe a kwalba, tunda mace ce ba mai hana ta. Aka tura gwaji, muka jira damina guda. Bayan an yi girbi izini ya zo, duk ɗakin da ke cikin jerin a fasa shi a kwashe, a zuba siminti. Matan unguwa da yawa murna suka yi, wata har ta zo tana roƙona in ƙara sunanta, na ce ki je ki nemi siminti inda ake sayarwa.

Inna ce ta ƙi. Lokacin matar ƙanena tana da goyo, 'yar ta fara rarrafe, kuma wuni take a ɗakin Inna, ta daki ƙasa da tafi ta kai baki. Sau biyu ina zuwa. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ɗaga mata murya, abin da har yau nake istigfari a kai. Ta ce shekara nawa tana kwana a kan daɓen nan ko mura bai sa ta ba. Ta ce in aka fasa, gara za ta dawo ta cinye littattafan Malam, kuma ba za ta tsaya gabansa gobe kiyama ta ce ta ba gara amanarsa don 'yan kwangila sun zo da kwalabe ba. Ta ce da na kawo ƙasar ni ce mai hankali, yanzu da na yi boko kuma ni ce mai hankali, ita yaushe za a bar ta ta yi nata.

Na dawo na gaya wa Injiniya. Ta tambaye ni Inna wace ƙabila ce. Da na ce Bafulatana, sai ta yi murmushi ta ce in shirya ranar Asabar.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, amma ban taɓa ganin an yi aikin gwamnati da shi ba sai ranar. Muna yin sallama Inna ta dubi fuskarta, ta ji harshenta, ta ce, “Wa ya aiko min baiwa da tasa a ka?”

Injiniya ta ajiye hular, ta durƙusa ta gaishe ta sosai, sannan ta ce, “Inna, ai ban ga laifinki ba. Ku da kuka saba da bukka, kin samu ɗaki mai daɓe, dole ki riƙe shi kamar saniyar gado.”

Na ɗauka za a kore mu. Sai na ji Inna tana dariya har da tari. Ta ce a kawo wa baiwar nan fura kafin yunwar Barno ta kashe ta a ɗakin mutane. Suka yi ta yi, ni ina gefe kamar baƙuwa. Can Injiniya ta ce a nuna mata littattafan. Ta nemi buta ta yi alwala tukuna, ta karɓi gafakar da hannu biyu. Na ga Inna ta lura da wannan. Ta nuna mata gefen da gara ta ci, ta ba ta labarin da ni kaina ban taɓa ji ba, yadda Baba ya yi shekara biyu yana kwafar littafin da hannunsa.

'Yar ƙanena tana ta rarrafe a tsakaninsu. Injiniya ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta buɗe ɗan tafin hannunta, ga jan ƙurar daɓe a kai. Ta ce ba za ta yi wa Inna ƙarya ba, ƙasar nan ba ta kashe mutum yau ko gobe, kuma mai yiwuwa Inna ta gama kwanakinta lafiya a kanta. Amma irin wannan maganin taruwa yake a jiki kaɗan-kaɗan, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin cika.  Yarinyar ta fizge hannunta ta cusa a baki.

Inna ta matso. Ita da kanta ta miƙa hannu ta zare yatsun daga bakin, ta goge su da gefen zanenta.

“Littattafan fa?” ta ce.

Na ce adakar ƙarfen da ta saya min ta aure tana nan, ko tsatsa babu. Injiniya ta ce za ta sa mai walda ya yi mata ƙafafu na ƙarfe, ta tsaya nesa da bango, gara ba ta cin ƙarfe ko ta Fulani ce. Inna ta ce ta yarda, amma da sharaɗi biyu. Ba ta son siminti, yana sa mata sanyin ƙafa, daɓe za a sake yi mata. Kuma Babarbariyar nan sai ta riƙe madaɓi.

Ma'aikata suka zo da fararen rigunansu, aka fitar da kowa, suka fasa daɓen har ƙasa da inda muka zuba, suka cika durom suka liƙe, suka sake ɗibar ƙasan ramin a kwalba don a tabbatar. Da aka ce ya yi, muka ɗebo sabuwar ƙasa daga bakin kogi. Ƙawayen Inna da suka rage suka zo, su ne masu waƙa, mu ne masu bugu. Injiniya ta cika alkawari. Kafin azahar hannunta ya yi bororo ya fashe, Inna tana zaune a bakin ƙofa tana cewa a duba mata baiwar nan, ko bugun ƙasa ba ta iya ba, wai ita ce gwamnati ta aiko.

Da muka tsaya shan ruwa na matsa kusa da Inna, na ce ta yafe min, ni na jawo mata duk wannan. Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Ke kika kawo, ke kika kwashe. Miƙo min makubar can.”

Damina na zagayowa gara ta dawo, ta fara da tabarmar baƙi. Duk mai zuwa Azare sai Inna ta ba shi saƙo, a gaya wa 'yarta ta gaya wa baiwar nan danginta sun iso, suna gaishe ta. Na riƙa kiran Injiniya a waya ina isar mata, tana can wani aikin a wata jiha, ta ce a ce wa Inna ta ba su fura. Adakar kuwa ba su taɓa hawanta ba. Yanzu da Inna ta rasu, adakar tana ɗakina a kan ƙafafunta na ƙarfe, kuma 'yar ƙanen nawa, in ta zo hutu, ita nake sa ta buɗe ta shanya littattafan.