Batirin da Ke Zama a Kujerar Gaba

Ku da kuka san Yaya Labbo, kun san ba ya ajiye motarsa sai a bakin gangare. Ko masallaci zai shiga, sai ya nemi tudu tukuna. Duk saboda batirin nan.

Batirin jirgin ruwa ne, na ɗansa Umaru da ruwa ya ci a Yauri, shekarar da aka ba mu jiha. Ba a ga gawa ba. Jirgin aka jawo, Yaya ya kwance batirin ya taho da shi, ya ce a motarsa zai zauna, a-kori-kurar da yake kai albasa daga Aliero zuwa Jega. Batirin ya fi ƙarfin mazauninsa a mota. Sai Yaya ya ɗora shi a kujerar gaba, ya ja masa waya, ya ɗaure shi da tsohon rawani.

Ni ƙanensa, a kan buhuna nake tafiya.

Na ce, "Yaya, da ni da batir, wa ya cancanci kujera?"

Ya ce, "Shi ruwa yas sani, rana na wahal da shi. Kai ko ka saba."

Rediyo kam yana riƙewa yini guda. Tada inji ne sai ya ga dama. Wani bakanike a Jega ya ce, "Labbo, wanga ba don titi anka yi shi ba. Kawo in musanya maka."

Yaya ya ce, "Kai don kanikanci anka yi ka? Ba ga ka kana ci da shi ba?"

Wata rana mota ta mutu a hanyar Maiyama, rana tsaka. Mu shida muna turi, albasa tana laushi. Yaya ya leƙo ta taga: "Ku bi sannu, kuna girgiza mini yaro!" Wallahi ba wanda ya yi dariya. Muka ci gaba da turi.

Ranar da Yaya ya cika a asibiti a Jega, muka shimfiɗa shi a bayan motar za mu kai shi gida Jandutsi. Wani direba ya kawo nasa batirin a ɗana. Na dubi kujerar gaba, na ce a bari. Na murɗa makulli. Shiru. Kai, Yaya! Ko a mace sai da ya sa mu turi.

Muka tura har gangare, ta tashi. Uba a baya, yaro a gaba.

Batirin yana ɗakina. Shi ma ya mutu. 'Yan gwangwan sun taya, na kore su.

Allah Ya jiƙan Yaya Labbo, Ya sada shi da Umarunsa, Ya sa hanyar ta zame masa gangare.