Ƙasar da Na Danna wa Yaya Altine a Ƙafa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Altine, manomin albasa a Tursa, kuma har yau in na shiga kasuwar Goronyo sai wasu su taɓa juna su ce ga Mai Juji nan. Sunan ba ya damuna. Ni na jawo wa kaina shi, kuma ban shirya ajiye shi ba.

A bayan wani ƙaramin asibiti na yankinmu akwai juji. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don ba shi kaɗai ne mai irinsa ba. Nan ake watsar da ruwan wankin miki da tsohuwar auduga da ragowar magani, awaki kuma su yini a kai. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ta yi laushi, irin wadda manomi ke gani yawunsa ya tsinke. Ni na ɗebo ta amalanke uku na kai wa Yaya, ina ta hura hanci na samo masa taki kyauta. Tare muka baje ta a gonar albasarsa.

Ana cikin ban ruwa fartanya ta sare shi a ƙafa. Kowa a fadamarmu ya san abin da ake yi: a damƙi ƙasa a danna a kan ciwon, jini ya tsaya, a koma aiki. Haka muka tarar iyayenmu na yi. Ni na duƙa na damƙo ta, ni na danna masa. Har dariya ya yi, ya ce, "Kai Sahabi, hannunka awa na maƙeri!"

Kwana huɗu ƙafar ta kumbura ta fara wari. Kafson mai kemis bai taɓa ta ba, allurar asibitin garin Rabah ma haka. Muka wuce Sakkwato, aka yi ta sauya magani, ciwon na ci gaba kamar ruwa ake zuba masa. Wani likita ya zaunar da ni ya ce ƙwayar cutar irin ta asibiti ce, ta saba da magunguna har ta daina jin su. Ya ce watsar da ita waje ba ya kashe ta. Takan lafe cikin danshin ƙasa da kashin dabbobi, ta jure rana, har ta koya wa ƙwayoyin da ta tarar a wurin taurin kanta. Ya ce ba zai rantse cewa daga takin ta fito ba. Ni ban nemi rantsuwarsa ba.

An yanke ƙafar, bai hana ba. Ana jibi zai cika ya riƙe hannuna ya ce, "Ban riƙe ka da komi ba. Amma wagga ƙasa, kak ka bari kowa shi ƙara ɗibar ta."

Masu ta'aziyya sun ce kwanansa ne ya ƙare. Na yarda, Allah Ya gafarta masa. Amma yarda da ƙaddara ba ta ce in rufe bakina ba. Na yi ta sintiri asibitin har aka haƙa rami aka riƙa ƙone sharar. Da aka sauya ma'aikata, jujin ya dawo. Na koma, kuma in ya sake dawowa zan sake komawa.

Da Yaya zai leƙo yau, zai fara yi mini tsiya, don ba na zuwa gona sai da jarkar ruwa mai tsabta da sabulu. Sannan ransa zai ɓaci in ya ga yadda ake tallar kafso a faranti kamar gyaɗa, mutum ya sha biyu, zazzaɓi ya sauka, ya watsar da sauran. Zai kuma ga takin zamani ya yi tsada, idanu sun koma kan jujin.

Watan jiya na tarar da Baba Mode, maƙwabcin gonarmu, ya cika amalanke a wurin. Ya ce, "Sahabi, mi a cikin ƙasa? Da ita kakanninmu sunka yi magani."

Na ce, "Baba, kakanninmu ba su ishe jujin asibiti ba."

Na tsaya gaban shanunsa har ya juye ta. Sa'an mahaifina ne, kunya ta kama ni, amma ban matsa ba. Tun ranar ya daina amsa gaisuwata.

Yaya bai bar gida na siminti ba, gonarsa ma an raba. Abin da ya bari magana ɗaya ce, kuma na sha tambayar kaina ko ta shiga kunnen kowa. Shekaranjiya lauje ya yanki Baba Mode a hannu. Ina kallonsa daga gonata ya duƙa ya damƙi ƙasa. Ya daɗe a duƙe, jini na ɗiga. Sai ya buɗe hannun ya zubar da ita, ya ɗaga murya ba tare da ya dube ni ba.

"Ina Mai Juji? Taho da ruwan nan naka!"