Shebur Bakwai a Hannun Saratu

"Uku a shebur," in ji Saratu, tun ban gama jera katin da ke hannuna ba.

Baba Terna ya kife nasa a kan tebur, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Da ganin gugar nan na san hannunsa cike yake da manya. Ya so su yi tayinsu a hankali shi da abokin wasansa Malam Tanimu, ɗaya, biyu, har su gane juna, sai ga Saratu ta yi tsalle ta zauna musu a tsakiyar hanya.

"Maman Nandom, me na tsare miki a duniya?" ya ce.

"Ka yi tayi ko ka ce pas, Akawu. Rana tana tafiya."

Da ƙyar ya ce huɗu a zuciya, kowa ya yi shiru. Suka ci zagaye goma sha biyu cikin sha uku. Da an bar su sun yi shawara, da shida za su taya su kwashe maki mai yawa. Ni kuwa da na ga abin da Saratu ta riƙe, ba es ko ɗaya, wato katin da ya fi kowane girma, sai shebur bakwai da tarkace, na ce mata, "Da wannan sharar kika buɗe baki?"

Ta ce, "Ke kuma da shebur uku a hannunki kika rufe naki."

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da Saratu ta rasu a wani ƙauye bayan Pankshin, inda ba ta so a kai ta ba. Ni ce abokiyar wasanta sama da shekara ashirin, kuma ni ce na yi shiru ranar da kalma ɗaya daga bakina za ta iya barin ta a Kaduna. Abin da na zo rubutawa ke nan. Sunana Asabe, a Makera nake. Sai da furfura ta gama da kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka yadda nake magana haka zan rubuta.

Kafin wani ya aiko wa jarida wa'azi, ba caca ba ce. Ko sisi bai taɓa hawa teburin nan ba. Birij ake ce wa wasan. Matar manajan wata masaƙa a Kakuri ce ta koya mana, Baturiya da muke kira Madam, lokacin ina yi mata raino, Saratu na dafa mata abinci, Malam Tanimu na tuƙa mijinta, Baba Terna kuma akawu ne da ake aikowa gida da takardu. Ƙawayenta Turawa sun koma ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya, wasan kuma dole sai mutum huɗu, kaɗaici ya sa ta zaunar da masu aikinta. Da ita ma ta tashi, ta bar mana tebur mai naɗe ƙafa da kwalin karta biyu. Muka mai da shi gidan Saratu a Nasarawa, kowace Asabar bayan la'asar.

Ga yadda yake. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kai da abokinka kuna fuskantar juna, kowa da kati sha uku. Kafin a jefa ko ɗaya sai an yi tayi kamar a gwanjo: kowa ya faɗi yawan zagayen da shi da abokinsa za su ci, da irin katin da zai zama babba. Zagaye shida na farko ba a ƙirga su a tayi: in ka ce ɗaya, bakwai ka yi alkawari, in ka ce shida, sha biyu ke nan. Iri huɗu ne, mu muka raɗa musu suna da bakinmu: ganye, daiman, zuciya, shebur. Wanda tayinsa ya fi tsawo shi ke da wasa. In ya cika alkawari ya samu maki, in ya kasa ɗaya ɓangaren su samu. Ba a yarda ka gaya wa abokinka abin da ka riƙe ba, ba ƙifta ido, ba taka ƙafa a ƙarƙashin tebur. Tayin nan shi kaɗai ne bakin da kuke da shi.

In an raba maka manya, es da sarakuna, ba wata dabara, kowa ya iya. Rigimar tana wajen wanda ya samu abin da muke kira hannun talaka. Ni dai ra'ayina bai taɓa canzawa ba: ba ka da komai, ja bakinka ka yi shiru. Saratu ba haka ba. In ba ta da manya amma iri ɗaya ya taru mata, bakwai ko takwas, tun da wuri za ta faɗi babban tayi. Ta san ba za ta cika ba. Lissafinta shi ne faɗuwar da za ta yi kaɗan ce a kan abin da masu manya za su kwasa in an bar musu fili. Takan ce, "In na yi shiru sun cinye ni duka. In na yi magana rabi za su ci, kuma sai sun yi gumi."

Amma dabarar ba ta mutum ɗaya ba ce. In abokiyarta tana da uku daga irin da ta kira, ya kamata ta ƙara ɗaya a kai, hanyar ta daɗa toshewa. Shi muke cewa ɗagawa. Ni kuwa in na ɗaga ta sau goma a shekarun nan duka, to na yi ƙoƙari. Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba: ba kullum take da gaskiya ba. Akwai Asabar ɗin da ta ce huɗu a daiman, Malam Tanimu ya ce dabul, wato a ninka mana hukunci in mun kasa, muka kuwa kasa da zagaye huɗu. Tun daga tsakar gida nake yi mata faɗa har bakin titi, tana rako ni tana dariya.

Shekarar da soja suka koma bariki, ta tsaya a layin zaɓe cikin rana da ƙafarta mai ciwo, don wani malamin firamare da ya fito kansila. Ko keke ba shi da shi. Na ce mata ko matarsa ba na jin za ta zaɓe shi. Ta ce, "To ya samu ɗaya." Ya faɗi, ba ta ko damu ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta dawo yau. Masaƙar da ta koma sayar da tuwo a ƙofarta bayan tafiyar Madam, ciyawa ta kai ƙugu, awaki ne ke shiga da fita. Bangon kuwa ba ya rabo da hotunan 'yan takara, a liƙa sabo a kan tsoho, zaɓe bayan zaɓe, kowa da alkawarin zai tayar da injin. Maƙwabtanta sun watse, wasu Kamazou, wasu gida. Kafin a ba ka ɗakin haya sai an tambayi sunanka, an auna shi. Ina jin tsaki za ta yi, ta zagi kowa, ranar zaɓe kuma ta ɗaura zane ta je layi. Ni na daina zuwa. Gwiwata ba ta ɗauka, raina ma ba ya ɗauka.

Farar hula ba su daɗe da hawa ba garin nan ya rikice. Ba sai na ba mutanen Kaduna labari ba. Da ƙura ta lafa kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Malam Tanimu ya tsallaka gada ya koma Tudun Wada, amma duk Asabar sai ya hau bas ya zo. Yana shigowa zai ce wa Baba Terna, "Ina shanuna, Tibi?" don shi Bafulatani ne, Baba Terna kuma ɗan ƙabilar Tibi, wasansu ne tun kakanni. Baba Terna ya ce, "Zauna in ƙara cin wasu." Mu huɗun nan ba mu fasa ba, sai dai mun koma tashi da wuri.

Sai jikin Saratu ya fara ba ta wahala. Sukari ne, ƙafa ta kumbura. Ma'aikata sun ragu a ƙofar masaƙa, tuwo yana kwana. Wata rana ta zame a banɗaki, ta yi rabin yini a ƙasa, don ɗakunan da ke kusa da nata duk babu kowa. Labari ya kai wa ɗanta Nandom, malamin makaranta ne a Pankshin. Wata Asabar muka iso muka same shi zaune, an riga an kafa tebur. Ya yi magana da mai mota, Litinin za a kwashi kaya a mai da ita ƙauyensu.

Yaron kirki ne, kada a ce na ce wani abu. Amma Saratu tana 'yar shekara sha takwas ta bar ƙauyen nan. Waɗanda ta sani can duk suna ƙasa.

"Mama, ba zan bar ki ke kaɗai ba," ya ce. "In kika sake faɗuwa wa zai ɗauke ki?"

"Wa ya ce maka ni kaɗai ce? Ina da inda zan zauna a garin nan."

Ba shi ta kalla ba da ta faɗi haka. Ni ta kalla, ta saman teburin, irin kallon da takan yi mini in ta ce uku.

Nandom ya juyo. "Mama Asabe, haka ne? In wajenki ne wallahi na yarda, hankalina zai kwanta. Magani ni zan riƙa aikowa."

Na tsaya ina lissafi yadda na saba. Ɗaki ɗaya gare ni a bayan gidan ɗana Sani, shi ke ciyar da ni. Layinmu akwai waɗanda aka ƙona musu shago, ransu bai huce ba. Na hango ta ranar Lahadi da safe, ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, littafinta a hammata, tana ratsa layin nan idanu na bin ta. Na hango abin da za a ce wa Sani a masallaci. Duk wannan gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma ina da ɗakin, ina da katifa ta biyu a naɗe, ina da hannun da ya iya dafa wa mai sukari abinci. Uku ke nan. Ko tambayar Sani ban yi ba.

Na ce, "To, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Malam Tanimu ya sunkuyar da kai. Baba Terna ya cire tabarau. Duk wanda ya zauna a teburin nan ya san me na ce.

Wata biyar ta yi a can. Sai bayan an binne ta Baba Terna ya zo Makera ya gaya mini, yana tsaye a zaure, ya ƙi zama. Har yau ban ga kabarinta ba. Bayan shekaru na ba Sani labari, ya ce, "Haba Inna, da kin faɗa mini ai da na gyara ɗakin." Wataƙila da gaske yake. Wataƙila kuma faɗar ta yi sauƙi ne tunda mai zaman ba ta nan. Ba zan taɓa sani ba, tunda ban taya ba.

Me ya rage nata? Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Baba Terna ya koma Gboko, can ya rasu. Malam Tanimu yana nan, amma ido ya tafi, ba ya bambance sarki da sarauniya. Teburin yana ɗakina, surukata na jera kwanuka a kai. Babu wanda ya iya wasan a unguwarmu, babu kuma mai son koya. Ba zan ce halinta ya dawo jikina ba, har gobe sai na yi lissafi kafin in buɗe baki. Abu ɗaya dai na gane, a makare: duk shekarun nan ina ɗauka in na ce pas ban yi komai ba, laifin faɗuwa na mai magana ne. Ashe ita ce take biyan shirun nawa.

Abin da ya rage mini sosai shi ne wasan ranar. Da Nandom ya fita neman igiyar ɗaure kaya, Baba Terna ya ce tunda an kafa tebur a yi ko hannu ɗaya ne. Saratu ta raba, don haka ita ce da tayin farko. Ta jera katinta, ta daɗe tana kallo.

"Pas," ta ce.

Baba Terna ya ce ɗaya a zuciya. Na ce pas. Malam Tanimu ya ce uku. Suka yi ta hawa a hankali, babu mai tare su, har suka kai shida. Ni ce da jifan farko, na jefa shebur, ina da uku ƙanana. Malam Tanimu ya shimfiɗa katinsa a kan tebur yadda ake yi, shebur biyu ne a ciki, es da ƙarami. Da aka sake jefa shebur daga baya, Baba Terna ba shi da shi, ashe ɗaya tal ya riƙe. Uku nawa, biyu na Malam, ɗaya na Akawu. Shebur sha uku ne a karta. Ko a lokacin da ban iya rubutu ba na iya wannan lissafin.

Ya ci sha biyunsa ba gumi. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana roƙon a bar shi ya kai shida, ko murmushi bai yi ba.

"Saratu," na ce, "shebur nawa ne a hannunki?"

"Bakwai. Da sarki, da sarauniya."

"Kika ce pas?"

"Ba haka kike so ba?"

Ta tattara katin, ta daidaita gefensu da tafin hannu.

"Shekara ashirin ina buɗe baki ina jiran ki, Asabe. Na gaji."

Ta turo mini kartar ta saman tebur.

"Sa a kwali ki tafi da shi. Can ba wanda ya iya."