Mai Tsaya wa Aina'u

Malam Ladan ya fi shekara ashirin yana jiƙa fatu a wani kamfanin jima da ke Challawa, kuma in ka zauna da shi, kafin shayinka ya huce ka ji yadda aka ɗauke shi aiki. Daga ƙauyensu na Jigawa ya zo, kawunsa ya riƙo hannunsa har gaban manaja ya tsaya masa. Tun daga nan ya yanke hukunci: duk wanda ya je neman abu ba babba a bayansa mara gata ne, kuma korarsa za a yi.

'Yarsa Aina'u ce ta fara yin digiri a kaf zuriyarsu. Bai gama yawo da wannan labari ba sai ga ta da wani, wai tana neman digiri na biyu a fannin harkokin kuɗi a wata jami'a da ke Legas. A wurin aiki cewa yake, "Karatun banki ne, amma na manya." Abokan aiki su yi ta gyaɗa kai, don su ma iyakar abin da suka gane ke nan.

Da ta ce malaman jami'ar za su yi mata intabiyu ranar Talata da hantsi, kuma a gida za ta yi, Malam bai tsaya tambaya ba. Ya roƙi abokinsa Alhassan suka yi musayar lokacin aiki. Ya sa matarsa Asabe ta dafa zakara. Ya zumbula babbar rigar Sallah, ya yi wanka da turare saboda warin fata ba ya jin sabulu, ya shimfiɗa tabarma a soro, ya zauna yana leƙen hanya. 'Yarsa dai ba za ta fuskanci manya kamar marainiya ba.

Hantsi ya dubi ludayi, ko ƙarar mota babu. Ya shiga ciki ya tarar da Aina'u a ɗaki ta tasa kwamfutar aro a gaba.

"Ke, ina baƙin naki?"

Ta dubi rigar, ta kama baki. "Baba, ai ta kwamfuta ne. Yanzu za su kira."

"To matsa in gaishe su. Wa zai tsaya miki?"

"Ku yi haƙuri, Baba. Sun ce ni kaɗai. In suka ga wani a ɗakin, sai su soke."

Maganar ta yi masa zafi, ba kaɗan ba. Ya fito ya kifa turmi a bakin ƙofa ya zauna, da babbar rigarsa da komai.

Can ya ji muryar wani namiji tana jefo tambaya. Malam ya yunƙura zai shiga. Sai Aina'u ta fara magana. Turanci ne, ko kalma ɗaya bai tsinta ba, amma ya san muryar mai roƙo, don da ita ya yi shekaru yana magana da manajoji, kuma wannan ba ita ba ce. Har dariya ya ji mutumin ya yi, ita ma ta yi.

Daɗi ya kama shi. Asabe ta leƙo daga kicin ta raɗa masa, "Malam, a zuba wa baƙin?"

Ya goge ido da hannun riga. "Zuba mana dai mu ci. Yarinyar nan ba ta neman mai tsaya mata."