Ranar da Na Shiga Rumbun Maigidana

A gidanmu mace ba ta leƙa rumbu. Maigida ne ke hawa tsani ya jefo dami, ke kuma ki sussuka ki yi shiru. Shekara goma sha biyu ina aure ban san cikin namu ba.

Ana saura shekara guda a samu 'yancin kai, sanyin ƙashi ya kama maigidana har riƙe buta ya gagare shi. Wani likita Bature a asibitin Sakkwato ya ɗora shi kan wasu ƙananan ƙwayoyi farare, ana ce musu kotizon. Kafin wata biyu ga shi yana tafiya gonarmu ta Arkilla da ƙafa, kumatu sun ciko, maƙwabta na tsokanarsa wai ya koma saurayi.

Da damina ta kusa ƙarewa sai tari, sai zazzaɓi, sai jini a kaki. Muka ɗauka tarin fuka ne. Aka auna kakin, tafinta ya ce mana fumfuna ce ta kama huhu. Maganin da ya kwance masa gaɓoɓi shi ya raunana jikinsa, har ƙurar da ba ta cutar kowa ta samu wurin zama. Likita ya canza magani, ya ce kada ya ƙara shaƙar ƙurar tsohon hatsi.

Bayan kwana uku na tarar da shi a gindin tsani yana haki. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ni. Na ɗaure zane, na naɗe hanci da ɗankwali.

"Ke, mi za ki yi?" ya ce. "Mutane su ce mi?"

"Su hwaɗi abin da sunka ga dama, Malam. Ba su za su yi takaba ba."

Na hau, na ɗage murfin, na dira. Wari ya doke ni. Ruwa ya daɗe yana yoyo ta gefe, dammunan ƙasa duk sun yi baƙi da kore. A ɗaya gefen ga zangarniyoyi masu kyau a jere, ya tsince su ɗai-ɗai. Ashe tun tsakiyar damina yake zama cikin wannan ƙura yana zaɓo mana abin da za mu ci, kada in san hatsin ya lalace.

Da na leƙo, yana zaune a ƙasa, kansa a sunkuye.

"Kin gani ko?" ya ce.

"Na gani. Matsa can nesa, zan hwara jehowa."