Takardar Cikin Gilashi da Maganar Mahaifina

Shekarun baya, ina aji biyu a makarantar gaba da sakandare a Birnin Kebbi, ina karanta harkar filaye da gidaje. Wurin gwaggota nake zaune a Gwadangaji, sai ƙarshen mako nake shiga mota in tafi gida Argungu. Duk wanda ya san ni a lokacin ya san ba ni da baki. Idan malami ya yi tambaya a aji, ko da na san amsa, sai in rubuta ta a gefen littafi, in ja layi a ƙarƙashinta, in jira wani ya faɗa.

Mahaifina masunci ne tun tasowarsa, daga baya ya haɗa da noman shinkafa a fadama. Yana da wani tsohon gida a bakin hanya, wanda ya gada. Ya ba da shi haya ga wani mutum ɗan kudancin jiharmu, Kirista, wanda ya daɗe yana sayen kifi a hannunsa har suka saba. Mutumin ya ce gidan abinci zai buɗe, shekara uku. Ba a rubuta komai ba. A zaurenmu aka zauna, gaban na'ibin masallacin unguwa da wani maƙwabcinmu, mahaifina ya miƙa masa hannu ya ce, "Ka yi sana'arka. Duk abin da hukuma ta yarda da shi, ni ma na yarda."

Da farko lafiya lau. Farfesun kifin matarsa har ya yi suna, direbobi na tsayawa. Sai bayan wasu watanni aka fara ganin ana shigar da kiret-kiret ta ƙofar baya, kuma ba na lemo ba. Mahaifina ya je da kansa ya tambaya. Mutumin bai ɓoye ba. Ya shigar da shi ciki, ya nuna masa wata takarda a cikin gilashi rataye a bango, da tambarin gwamnati da jan hatimi. Ya ce lasisin sayar da giya ne, hukuma ce ta ba shi.

Ranar Juma'ar da na isa gida, na tarar da gidan ba yadda na bar shi ba. Mahaifiyata ta ja ni ɗaki ta ce, "Kwana huɗu ke nan babanku bai zamna majalisa ba. Salla ma sai an tada yaka shiga, ana sallamewa ya hito. Jiya wani yac ce mai, 'Alhaji, ashe kasuwa ta buɗe.' Ko tuwo bai ci ba."

Da la'asar na ji yayana yana ɗaga murya a tsakar gida. "Baba, ka bar ni da shi. Samari goma sun isa, kahin magariba kayanai na bisa titi."

"Wanda duk yat taɓa mai ko murhin tukunya, ba ɗana ba ne," in ji mahaifina. "Ni na hwaɗi da bakina, gaban mutane, abin da hukuma ta yarda na yarda. Ga takarda ya gwada min. In na tashi maganata yau, gobe wa ka yarda da ni?"

Abin da ya kama shi ke nan. In ya yi shiru, ana sayar da giya a gidan da ya gada daga ubansa. In ya kori mutumin, ya zama mai magana biyu, shi da ko a cinikin kifi ba a taɓa jin ya ce eh ya dawo ya ce a'a ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana, Uwata yake ce mini. Na kai masa ruwa, na durƙusa, na daɗe ina murza bakin mayafi kafin na iya cewa, "Baba, wa ya karanta takardar?"

Ya dube ni. "Mi za a karanta, Uwata? Na ga doki biyu da mikiya da idona."

Na ce ina so in gani. Sai ya ce wa yayana ya raka ni da safe.

Wayata a lokacin ba ta ɗaukar hoto, kuma ko tana ɗauka ba na jin zan iya neman izini. Littafi da biro na ɗauka. Yayana yana tafe yana tsokanata, "Mutane na zuwa yaƙi da sanda, ke kin taho da biro." Ɗan hayan ba ya nan, matarsa muka tarar tana gyaran kifi. Ta karɓe mu da fara'a, ta ba ni kujera, ta ce in karanta son raina, ai ba abin ɓoyo ba ne. Na tsaya gaban gilashin nan na kwafe komai, layi bayan layi, har lambar da ke can ƙasa da sunan maɗaba'ar da ta buga takardar. Tun ina kwafa na lura da abu biyu: adireshin da ke jiki na wani gari ne a wata jiha, kuma akwai ranar ƙarewa wadda ta riga ta wuce. Na rufe littafina, na yi wa matar godiya. Ina tsoron in buɗe baki a ce yarinya ba ta san doka ba, kuma gaskiya ban san ta ba.

Da muka fito sai na ƙirga takuna daga ƙofar gidan zuwa makarantar firamare da ke baya, sannan zuwa masallaci, don na taɓa ji a aji cewa wasu sana'o'i na da ƙa'idar nisa da irin waɗannan wurare. Sau uku na yi, don na farko da na biyu ba su zo ɗaya ba. Wata tsohuwa mai tallan ƙuli ta ga ina ta kai da kawowa kaina a ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, ɗan kunne ne yab ɓace?"

Na koma Birnin Kebbi ranar Lahadi. Kwana uku ina laburare bayan darasi, ina buɗe manyan littattafan doka da ba wanda ya taɓa su sai ƙura. Da na tara abin da na tara, na je ofishin malaminmu mai koya mana dokar haya. Sau biyu ina isa ƙofar ina wucewa kamar wani wuri za ni. A na uku shi ya leƙo ya ce, "Ke, shigo, kin ishe ni da sintiri."

Na miƙa masa littafina. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Lasisin giya ba riga ba ce da mutum zai sa ya yi yawo da ita. Gini ake ba. Sai an zo an duba wurin, an ga ƙofofinsa da bayan gidansa, an ga ba ya kusa da makaranta ko wurin ibada. Sai an sanar da maƙwabta ko akwai mai ƙorafi. Sai mai ginin ya yarda a rubuce. Kuma duk shekara ake sabuntawa. Wannan a inda ake bayarwa ke nan. A tsakiyar gari irin naku, a jihar nan, ban ga ta inda zai samu ba." Ya ƙara da cewa: "In hukuma ta zo, shi za a kama, amma gidan ubanki za a garƙame."

Na rubuta duk abin da ya faɗa. Ya ce in daina rubutu in dube shi, ya tambaye ni ko na fahimta. Na ce eh. Ya ce to in je in faɗa.

A nan gizo ke saƙa. Na ɗauka zan gaya wa mahaifina a ɗaki, shi ke nan, aikina ya ƙare. Da na koma gida ranar Juma'a, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ba ni za ki gaya ma ba. Gaban waɗanda anka yi magana, nan za a warware ta." Na roƙe shi yayana ya karanta a madadina, tun da na rubuta komai dalla-dalla. Ya ce, "Wanda yag gani shi ka hwaɗi."

Asabar da hantsi aka taru a zaure: mahaifina, na'ibi, maƙwabcinmu, yayana a bakin ƙofa yana cika yana batsewa, da ɗan hayan, wanda ya zo da gilashinsa naɗe a tawul. Ni kuma na durƙusa a lungu kusa da ƙofar cikin gida, don in abu ya ɓaci in san hanyar gudu. Na buɗe littafi na fara karantawa. Ban kai layi biyu ba na'ibi ya ce, "Ɗiyata, ɗaga murya. Sauro ma ya hi ki amo." Aka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ɗan hayan bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, shekara nawa muna tare? Yau yarinya za ka sa ta ƙaryata takardar gwamnati a gabana?"

Ban san lokacin da na rufe littafin na juya ga ɗan hayan ba. Na ce, "Baba, takardarka ta gaskiya ce, ba jabu ba ce. Amma ba ta wannan gidan ba ce. Don Allah ka duba adireshin da ke jiki."

"Na san adireshin, tsohon shagona ne. Amma sunan wa ke kai? Lasisin tuƙina ma a can na yi shi, kuma har Legas nake tuƙi da shi, ba wanda ya tare ni."

Na ce, "Na tuƙi, kai aka gwada. Wannan kuwa, lokacin da za su ba ka, sun zo shagon?"

"Sun zo mana. Mutum uku. Har bayan gida suka leƙa, suka sa na fasa bango na ƙara ƙofa. Suka manna takarda a waje, wai ko maƙwabta na da magana."

"To nan fa, Baba, wa ya zo?"

Ɗan hayan ya jawo gilashin gabansa. Ya kwance tawul ɗin, ya daɗe yana kallon takardar kamar yau ya fara ganinta. Can ya ce, a hankali, "Ba wanda ya zo." Ya ɗago ya dube ni. "Ke nan duk watannin nan a bakin kurkuku nake kwana ban sani ba?"

Na gaya masa abin da malamina ya ce, har da maganar garƙame gida da ranar ƙarewar da ta wuce. Ya tambaya, in ya nemi sabo fa? Na ce ko a inda ake bayarwa, sai mai gini ya sa hannu. Duk suka juya ga mahaifina. Ya ce, "Wannan kam hannuna ba ya hawa, kai ma ka sani. Amma gida naka ne har shekara ukunka ta cika. Kuma kihin sahe, in na aiko, kai ka hwara zaɓe."

Mutumin ya ce kafin Litinin zai mayar da kayan inda ya saro su. Ya naɗe gilashinsa. A bakin ƙofa ya tsaya gaban yayana ya ce, "Na ji labarin samarinka goma. Ka turo su su taya ni lodi." Yayana ya sunkuyar da kai, kuma ya je, shi da mutum biyu.

Ƙirgen takun da na sha wahala a kai, ko tambayata ba a yi ba. Yana nan a littafin har yau.

Bayan an raka baƙo, mahaifina ya dawo ya tsaya gaban shaidun nan biyu. Ya ce, "Ku kunka ji hwarko, ku kunka ji ƙarshe. Na tashi maganata?"

Na'ibi ya ce, "Ba ka tashi ba, Alhaji. Hukuma ba ta yarda ba, kai ma ba ka yarda ba."

Mutumin ya cika shekarunsa uku, ya ƙara biyu, da farfesu da lemo kawai. Yanzu aikina ke nan, rubuta yarjejeniyar haya, kuma ba na barin kowa ya ce "duk abin da hukuma ta yarda" ba tare da mun zauna mun fayyace mene ne abin ba. Na yi ayyukan da suka fi wannan girma, amma ba wanda nake tunawa in ji alfahari kamarsa. Ba a jefi kowa ba, ba a kori kowa ba, kuma ba a kira ubana mai magana biyu ba.

Bai yaba mini ba, ba halinsa ba ne. Da la'asar ta yi, ya ce, "Uwata, miƙo min hulata." Na miƙa masa. Na leƙa ta zaure ina kallonsa yana tafiya a tsakiyar hanya, ba ta gefen katanga ba, har ya isa majalisa. Na ga mutane suna matsawa suna ba shi wuri.